Faɗakar da Ɗalibai a Kan Hujewar Huhu da Yoyon Iska a Cikin Ƙirji

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata gare shi, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan taƙaitaccen bayani ne a kan wata cuta ta ƙirji wadda mutane suke gani ba su san sunanta ba. Ita ce huhu ya huje, ƙofa ta buɗe tsakanin hanyar numfashi da tantanin da ya lulluɓe huhu, iska ta riƙa yoyo zuwa inda ba wurinta ba, mugunya kuma ta riƙa malalowa zuwa inda ba wurinta ba. An rubuta shi domin ɗaliban ilmi na ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da malaman da suke riƙe da almajirai, domin wurinsu ake fara kai mara lafiya tun ba a kai shi asibiti ba, kuma maganarsu ake ji. Ba baƙon abu ba ne malami ya yi magana a kan ɗibbu, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a shekara ta 1253 ta Hijira, daidai da 1837, ya wallafa a kan ciwon ido da kuma basir.

Ka sani, ya kai ɗalibi, Allah ya ba mu dacewa da mu da kai, wannan cuta a ƙasarmu mafi yawanta ƙarshen tari ne wanda aka yi sakaci da shi. Wanda ya fahimci yadda take farawa ya sami hanyar tare ta tun ba ta iso ba. An kasa bayanin fasali bakwai da cikawa.

Fasali na fari: a kan halittar huhu da tantaninsa

Ka sani iska tana shiga ta hanci da baki, ta gangara maƙogwaro. Shi maƙogwaro idan ya isa tsakiyar ƙirji sai ya rabu biyu, reshe ɗaya dama, ɗaya hagu. Kowane reshe kuma ya yi ta rabuwa kamar rassan itace, har wajen sau 23, yana ƙara sirancewa, har ya tuƙe ga wasu 'yan jakunkuna ƙanana waɗanda ido ba ya ganinsu, yawansu ya kai miliyoyi ɗari-ɗari. A nan jini yake karɓar iska mai kyau, ya bar gurɓatacciya ta fita. Huhun dama kashi 3 ne, na hagu kashi 2, domin zuciya ta ci wani wuri a hagun. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya idan yana zaune.

Kowane huhu yana cikin tantani riɓi biyu. Riɓi ɗaya yana manne da huhu, ɗaya yana manne da haƙarƙari daga ciki. Tsakaninsu akwai 'yar rata, babu kome cikinta sai ruwa ɗan kaɗan, gwargwadon cokali ɗaya ko biyu, wanda yake sa su zame wa juna ba da zafi ba. Wanda yake son ganin wannan ya duba ƙirjin ragon layya idan an buɗe shi, zai ga huhu yana sheƙi, cikin haƙarƙari ma yana sheƙi. Wannan sheƙin shi ne tantani.

Faɗakarwa. Shi huhu ba ya buɗe kansa da kansa. Ɗabi'arsa ita ce ya tsuke. Abin da yake riƙe shi a buɗe shi ne rashin iska a cikin wannan rata. Misalinsa ƙahon wanzami: idan ya zuƙe iskar da take ciki ya toshe bakin, ƙaho ya kama fata, duk inda fata ta yi sai ya bi. Idan aka buɗe bakin, iska ta shiga, nan take ƙaho ya saki. Haka huhu yake kame da haƙarƙari. Idan ƙirji ya buɗe, huhu ya bi shi ya buɗe, iska ta shiga. Idan kuwa iska ta sami hanya zuwa ratar, huhu ya saki, ya tsuke ya koma gefe kamar salkar da aka juye ruwanta. Ka riƙe wannan misali, domin sauran bayani duka a kansa yake.

Fasali na biyu: a kan haƙiƙar cutar

Ka sani Larabawa suna kiran kowace ƙofa da ta buɗe tsakanin wurare biyu na jiki waɗanda bai kamata su haɗu ba da sunan nasur. Wanda aka fi sani a ƙasar Hausa shi ne yoyon fitsari da yake samun mata bayan doguwar naƙuda. Wannan da muke magana a kansa ɗan'uwansa ne, sai dai shi a ƙirji yake, kuma abin da yake yoyo iska ce. Saboda haka muka kira shi yoyon iska.

Ƙofar tana iya zama a babban reshe na maƙogwaro, ita ce mafi tsanani. Tana iya zama a ƙananan rassa na bakin huhu, ita ta fi saurin rufewa. Likitoci suna cewa idan iska ta wuce kwana 5 zuwa 7 tana fita ba ta tsaya ba, yoyon ya zama mai daɗewa, yana bukatar a sake duba shi.

Ɓarnarta iri uku ce. Ta fari, iska ta cika ratar, huhu ya tsuke, numfashi ya gaza. Ta biyu, ƙwayoyin cuta da suke cikin hanyar numfashi su bi ƙofar su shiga ratar, ruwan da yake ciki ya zama mugunya. Ta uku, ita mugunyar ta biyo ƙofar ta komo cikin hanyar numfashi, ta tsallaka ta shiga ɗaya huhun mai lafiya. Kuma kowace ɗaya tana ƙarfafa 'yar'uwarta, domin ƙofa ba ta rufewa muddin mugunya tana jiƙa ta, mugunya kuma ba ta ƙarewa muddin ƙofa tana buɗe.

Fasali na uku: a kan sabubbanta

Sababi na fari, kuma mafi girma a wurinmu, shi ne tarin fuka, wanda ake kira tibi, Larabawa kuma suna ce masa sill. Ibn Sina, wanda ya rasu a shekara ta 428 ta Hijira, daidai da 1037, ya yi bayaninsa a littafinsa Alƙanun, ya lissafa shi cikin cututtukan da ake ɗauka. Ƙwayar da take kawo shi wani likita Bajamushe, Robert Koch, shi ya bayyana ta a birnin Balin a shekara ta 1882. Ita ƙwayar tana cin naman huhu a hankali, kamar yadda gara take cin azara, har ta yi kogo. Idan kogon yana kusa da bakin huhu, kuma aka bar shi wata da watanni ba magani, sai ya ɓalle zuwa ratar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 10.8 suka kamu da tarin fuka a duniya a shekara ta 2023, Nijeriya kuma ita ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu shi, Jihar Kano tana cikin jihohin da aka fi samunsu.

Na biyu, ciwon haƙarƙari mai tsanani, wanda ake kira nimoniya, musamman ga yara bayan ƙyanda ko cikin tamowa. Wani sashe na huhu ya ruɓe, ya yi ƙurji, ƙurjin ya fashe.

Na uku, rauni. Haɗarin mota ko babur, irin wanda ake yi a hanyar Kano zuwa Zariya da ta bi ta Kwanar Ɗangora, da hanyar Jos da ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore, yana karya haƙarƙari, tsinin ƙashi ya soki huhu. Haka sukan wuƙa, da harbin bindiga, da tunkuyin sa.

Na huɗu, aikin tiyata da aka yanke wani kashi na huhu ko huhu ɗaya gaba ɗaya, ɗinkin reshen da aka yanke ya warware. Wannan shi ne sababi mafi yawa a ƙasashen Turai da Amurka, kuma ya fi faruwa idan huhun dama aka cire. Na biyar, na'urar taimakon numfashi idan ta daɗe tana tura iska da ƙarfi cikin huhun da ya riga ya raunana.

Akwai kuma abubuwan da suke share wa cutar hanya: yunwa, da ciwon sukari, da cuta mai karya garkuwar jiki, da shan taba, da shaƙar ƙurar dutse. Wannan na ƙarshe ya shafi mutanen Riruwai a ƙasar Doguwa, inda ake haƙar kuza tun kafin zuwan Turawa, da duk mai fasa dutse. Ita ƙurar dutse idan ta zauna a huhu ba ta fita, tana sa shi ya yi tabo, kuma mai ita ya fi wanda ba shi da ita saurin kamuwa da tarin fuka nesa ba kusa ba.

Fasali na huɗu: a kan alamunta

Ka sani tana zuwa ta fuska biyu, ta gaggawa da ta sannu.

Amma ta gaggawa, mutum ne mai tari tun da daɗewa, ko wanda ya ji rauni, sai ya ji suka mai tsanani a gefe ɗaya na ƙirji, numfashi ya yi masa wuya nan take. Wani lokaci ƙofar takan zama kamar bakin tayar keke, iska tana shiga ba ta fita. Kowane numfashi yana ƙara cika ratar, har ta tura zuciya gefe, ta danne manyan jijiyoyin jini. Alamarsa: gefen ƙirjin ba ya motsi, jijiyoyin wuya sun kumbura, zufa mai sanyi, leɓe da harshe sun canza launi, hankali yana gushewa. Wani kuma iska ta shiga ƙarƙashin fata, wuya da fuska su kumbura, idan ka danna ka ji tana ƙaras-ƙaras ƙarƙashin yatsa. Wannan mutum sa'o'insa ƙidayayyu ne, wani ma mintoci, idan ba a fitar da iskar ba.

Amma ta sannu, zazzaɓi ne da yake zuwa da yamma, da zufar dare, da rama, da ƙin abinci, da tari mai kaki mai yawa. Alamar da ta fi rarrabe ta ita ce wannan: idan ya kwanta a kan gefen da yake da lafiya, sai tari ya turnuƙe shi, ya fitar da mugunya mai yawa, sau da yawa mai wari, har ta cika kofi. Idan ya juya a kan gefen ciwon sai ta lafa. Dalili kuwa, kwanciya a kan gefe mai lafiya tana sa tafkin mugunyar ya koma sama, ya tsiyayo ta ƙofar. Wani idan ya motsa yakan ji ruwa yana kaɗawa a ƙirjinsa kamar gorar da ba ta cika ba. Wannan alama tsohon hakimin Yunanawa Abuƙiraɗ ya san ta fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma ba a jin ta sai inda ruwa da iska suka haɗu.

Wani kuma mugunyar takan nemi hanya ta waje, kumburi ya fito tsakanin haƙarƙari, mai taushi, yana ƙara girma idan ya yi tari.

Idan ka ce: mutane suna cewa wanda yake aman mugunya ta baki yana ramewa, jifa ne ko sammu. Sai mu ce: wannan abu ne da ake gani da ido. Hoton ƙirji yana nuna iska a sama, ruwa a ƙasa, da layi miƙaƙƙe tsakaninsu kamar fuskar ruwa a randa. Gwajin kaki yana nuna ƙwayar cutar. Idan aka zuƙe mugunyar aka ba da magani, mutum yana tashi. Kada zato ya hana ka abin da yake tabbas.

Fasali na biyar: a kan abin da za a yi kafin a isa asibiti, da abin da aka hana

Na fari, a zaunar da shi a jingine, kansa da ƙirjinsa a sama. Idan ba ya iya zama, a kwantar da shi a kan gefen da yake ciwo, gefe mai lafiya yana sama. Wannan ya saɓa wa abin da tausayi yake so, amma shi ne yake tsare huhun da ya rage daga ambaliyar mugunya. A cikin mota ma haka za a riƙe shi.

Na biyu, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo yana cikin haki, domin zai shaƙe.

Na uku, idan rauni ne mai rami wanda iska take shiga tana fita, kada a toshe shi ƙam. A rufa masa tsumma mai tsabta sako-sako yadda iska za ta iya fita. Idan wuƙa ko ƙarfe yana kafe, kada a zare shi.

Na huɗu, a kama hanya nan take, ko da dare ne, zuwa babban asibiti mafi kusa, kamar na Tudun Wada. Mutumin Doguwa tsakaninsa da birnin Kano tafiyar sa'o'i ce, saboda haka jiran wayewar gari yana iya cinye abin da ya rage masa.

Amma abin da aka hana shi ne sakiya da tsaga a kan kumburin ƙirji. Wanzami gwani ne ga abin da ya gada, amma kumburin da yake tsakanin haƙarƙari ba maruru ba ne, bakin rijiya ne mai zurfi wadda gindinta yake haɗe da huhu. Idan aka soke shi da ƙarfe an buɗe ƙofa ta biyu, iska ta shiga ta waje kamar yadda take shiga ta ciki, ƙazanta ta bi ta. Likitoci su kansu sun sha wannan darasi da tsada. A shekara ta 1918, lokacin annobar mura, sojojin Amurka da yawa sun yi mugunyar ƙirji, ana yanka su da wuri a bar ramin a buɗe, wajen 30 cikin 100 suna mutuwa. Aka naɗa kwamiti, cikinsa akwai likita Evarts Graham, suka gane buɗe ƙirji da wuri shi yake sa huhu ya tsuke. Da aka koma zuƙe mugunyar ba tare da barin iska ta shiga ba, mutuwa ta sauko ƙasa da 5 cikin 100 a sansanin da suka yi aikin. To, idan wuƙar likita ta yi wannan ɓarna, ina ga ƙarfen sakiya?

Fasali na shida: a kan magani

Ka sani maganin yana tsaye a kan duwatsu uku kamar murhu, idan ɗaya ya gushe tukunya ta kife. Su ne fitar da iska da mugunya, da kashe ƙwayar cuta, da ciyar da jiki.

Amma na fari, ana kashe zafin wurin da allura, a sa roba mai kauri kamar yatsa tsakanin haƙarƙari na 4 da na 5 ko na 5 da na 6, ƙasa da hammata. Ɗaya bakin robar yana cikin kwalba mai ruwa mai tsabta, a nutse gwargwadon santimita 2. Idan mara lafiya ya fitar da numfashi, iskar ratar ta fito ta yi kumfa a ruwan. Idan ya ja numfashi, ruwan ya tare bakin robar, iska ba ta komawa. Da haka ake mayar da ƙahon ya sake kama fata. Wannan dabara wani likita na birnin Hambug a Jamus, Gotthard Bülau, ya yi aiki da ita a shekara ta 1875, har yau kuma ita ce ake yi. Kumfar ita ce ma'auni: muddin tana fita, ƙofa tana buɗe, idan ta ragu, ƙofa tana rufewa.

Wajibi ne mai jinya ya kiyaye abu huɗu. Kwalba ta zauna ƙasa da ƙirji kullum, kada a ɗaga ta sama, domin ruwan zai koma ciki. Kada ta kife. Kada a ɗaure robar ko a lanƙwasa ta ko a kwanta a kanta muddin tana kumfa, domin iska za ta taru ta danne zuciya. Kada a zare ta don gajiya da zaman asibiti. Wani yakan yi mako biyu da ita, wani wata ɗaya ko fiye.

Amma na biyu, ana gwada kaki da mugunyar. Akwai na'ura mai suna GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a shekara ta 2010, tana gano ƙwayar tarin fuka cikin kamar sa'a 2, ta kuma nuna ko ƙwayar mai bijire wa magani ce. Maganin tarin fuka wata 6 ne: wata 2 ana shan iri huɗu a haɗe, su ne rifamfisin da isoniyazid da firazinamid da etambutol, sa'an nan wata 4 ana shan biyun farko. Likita yana iya ƙara wa'adin ga mai mugunyar ƙirji. Gwajin kaki da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe, ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta. Rifamfisin yana mayar da fitsari ja-ja, wannan ba illa ba ce. Amma idan ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya dusashe, a koma wurin likita ran nan. Idan kuwa sababin nimoniya ne, wasu magunguna ne na kashe ƙwayoyin cuta ake bayarwa, na makonni.

Amma na uku, ita mugunya daga jiki take fita, tana tafiya da ƙarfinsa, kuma rami ba ya cikewa a jikin da yake rama. A ciyar da shi abin da ƙasar take da shi: wake, da gyaɗa, da waken suya da awara, da ƙwai, da kifin Tiga, da nama gwargwadon hali, da madarar da aka tafasa. Tafasawar sharaɗi ce, domin shanu ma suna da nasu tarin fuka wanda yake bin ɗanyar madara.

Ƙananan ƙofofi da yawa suna rufewa da waɗannan uku. Wadda ta ƙi, sai a tura mai ita wurin likitocin tiyatar ƙirji, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya. Mai tarin da ya bijire wa magani kuma akwai Asibitin Zana a Kano, da cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye a Zariya. Likitan tiyata yana zura siririn bututu mai fitila ta maƙogwaro ya ga ƙofar. Yana iya ɓare kaurin ɓawon da mugunya ta yi wa huhu domin ya sake buɗewa. Yana iya ɗinke ƙofar ya lulluɓe ta da tsoka mai rai daga jikin mutumin. Wanda ya raunana ƙwarai, ba ya jure babban aiki, ana yi masa 'yar taga a gefen ƙirji, bayan huhu ya riga ya manne kewaye da ramin, a riƙa wankewa har ta cike; likita Leo Eloesser ya bayyana wannan a shekara ta 1935 domin masu tarin fuka. A wasu manyan asibitocin duniya ana toshe ƙaramar ƙofa ta cikin bututun ba tare da yanka ba.

Fasali na bakwai: a kan mas'alolin da majinyaci yake tambaya

Mas'ala: yaya mai roba a ƙirji zai yi salla? Ya yi a zaune, ya yi nuni ga ruku'u da sujada idan sunkuyawa tana cutar da shi ko tana jan robar. Idan ba ya iya zama, ya yi a kwance.

Mas'ala: an ce mai salla a kwance ya fara da gefen dama, to idan ciwon a hagu yake? Ya kwanta a kan hagun. Jeranta dama da hagu da rigingine mustahabbi ne a mazhabar Imamu Malik, kamar yadda yake a Ahalari, saɓa masa ba ya ɓata salla, kwanciya a kan gefe mai lafiya kuwa tana iya halaka shi.

Mas'ala: mugunyar da take fita ta robar ko ta baki tana warware alwala? Ba ta warwarewa a mazhabar. Idan wanka ya wajaba kuma ruwa zai cuci raunin, ya yi shafa a kan ɗaurin, idan ya kasa ya yi taimama.

Mas'ala: azumi fa? Mara lafiya irin wannan an yi masa sauƙi ya sha ya rama bayan ya warke. Wanda ya sami sauƙi yana cikin watannin shan magani, ya tambayi likita lokacin da zai riƙa sha da dare, domin sau ɗaya ake sha a yini. Kada ya ajiye magani don azumi, domin yanke shi yana koya wa ƙwayar bijirewa, ya cuci kansa ya cuci wanda zai ɗauka daga gare shi.

Cikawa: a kan tare cutar tun ba ta zo ba

Ka sani tsakanin farkon tari da hujewar huhu akwai watanni. Ita ƙwayar tarin fuka tana bin iska ne, daga tari da atishawa, ta daɗe tana yawo a ɗakin da yake rufe. Lokacin hunturu, sa'ad da sanyin ƙasar Doguwa da Tudun Wada yake sa a toshe tagogi, almajirai ashirin su kwana a zaure ɗaya, mai tari guda ya isa ya raba wa sauran. Su kuwa amana ce a hannun malami, iyayensu suna nesa.

To, ga abin da ya kamata. Duk wanda ya yi tari mako 2 bai warke ba, ko yana rama, ko zufar dare, ko kaki da jini, a kai shi gwajin kaki, kada a tsaya ga maganin tari na kanti. Idan an same shi da shi, a kai waɗanda suke kwana tare da shi su ma a duba su. A ware masa wurin kwana mai iska, ba da wulaƙanci ba, kada a kore shi zuwa garinsu ba magani, domin wanda ya riƙe magani sosai, bayan 'yan makonni ɗaukar cutar daga gare shi tana raguwa ƙwarai. A sa babban ɗalibi ya riƙa ganin ya haɗiye maganin kowace rana har wata 6 su cika, domin da yawa suna bari idan sun ji sauƙi a wata na 2, kuma cikin irinsu ake samun masu kogo a huhu. A bar taga a buɗe, a shanya tabarmi da bargo a rana. A kai jarirai allurar bisiji da an haife su, da allurar nimoniya, da ta ƙyanda a wata 9. Mai haƙar ma'adini da mai fasa dutse ya jiƙa dutsen da ruwa, ya sa abin rufe hanci wanda aka yi domin ƙura, domin rawani da tsumma ba sa tare ƙurar da ta fi cutarwa.

Gwajin kaki tafiyar yini ɗaya ce. Roba a ƙirji zaman makonni ne, da sayar da hatsi da dabba, kuma ba kowa yake tashi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A nan bayanin ya cika, da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Wanda ya karanta ya karantar da na kusa da shi, wanda ya kwafa ya kiyaye adadin da yake ciki kada ya canza. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya gafarta mana da iyayenmu da malamanmu. Amin.